Muhawara: A fina-finan bala'i da na sararin samaniya, wa ake ba fuska, wa ake bari cikin taro?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna, musamman ku masu aikin kyamara da tace fim. Fina-finan bala'i na Amurka, waɗanda ake rushe gari da girgizar ƙasa ko ambaliya ko halittun wata duniya, kullum yabon da ake musu a kan siddabarun kwamfuta ne. Ni kuwa abin da nake gani, duk lokacin da siddabarun ya ƙaru, mutane irinmu sai su ƙara komawa taro. Kwamfuta za ta zana dubban mutane ruwa ya shanye su cikin ƙiftawar ido a Indiya ko Brazil, babu suna, babu fuska. Sannan a kwashe awa biyu ana bin iyali ɗaya na Turawa. Ku duba ƙarshen fim ɗin 2012, wanda ya fito a 2009. Duniya ta nutse, Afirka ce ta tsira, manyan jiragen ruwan da aka gina a ƙasar Sin suka nufi kudancin nahiyar. Amma ko mutum ɗaya da ke zaune a can ba a nuna mana ba. Daga sama kawai aka hasko ta, sai ka ce ba kowa a cikinta. Wannan laifin na'ura ne, ko na marubuta, ko ni ne nake tsananta abin?

Abba_Tarauni:
Wa alaikumus salam. Malam Dan_Fagge, misalin da ka ɗauko shi zai kayar da kai. A cikin wannan fim ɗin wane ne shugaban Amurka? Danny Glover, baƙar fata. Wane ne masanin da ya kai rahoton abin da ke tafe, kuma ya tsaya kai da fata a ƙarshe sai an buɗe wa mutanen da aka bari a waje ƙofar jirgi? Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Tun 1998 Morgan Freeman ya fito a matsayin shugaban ƙasa a Deep Impact, shekara goma kafin a zaɓi Obama. Will Smith kuma tun 1996 yake tuƙa jirgin yaƙi a Independence Day. In akwai fannin da ya buɗe wa baƙar fata ƙofa da wuri a Hollywood, ai wannan ne.

Bazazzagiya:
Abba, baƙar fatan Amurka daban, mutumin Afirka daban. Tunda ka kawo Independence Day, ka tuna yadda aka nuna mu a ƙarshensa? Ana zagaya duniya ana nuna inda jiragen halittun suka faɗo, da aka zo kanmu sai ga mutane a daji suna ɗaga masu. A 1996 fa, lokacin da sojojin Najeriya suke Laberiya da jiragen yaƙinsu ƙarƙashin ECOMOG. Bayan shekara ashirin suka yi kashi na biyu a 2016, suka ba ɗan Afirka matsayi mai suna, amma madugun mayaƙa ne da ke sarar halittun da adda. Kuma a fim ɗin 2012 ɗin, masanin Indiya da ya fara gano matsalar, an yi masa alkawarin za a zo a ɗauke shi da iyalinsa, ba a zo ba, ruwa ya ci su. Shi ma Glover bai shiga jirgin ba.

Abba_Tarauni:
Mutuwar Glover ai girmamawa ce, 'yar'uwa. Shi ya zaɓi ya tsaya da mutanensa. Maganar masu kuwa na yarda, ba ta da kyau.

Editan_Zoo_Road:
Bari in amsa ɓangaren na'ura, tunda da shi nake ci. Mutane suna ɗauka kyamara ba ta san launi ba. Ta sani, domin mutum ne ya saita ta. Shekaru masu yawa kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launi. In fatarta ta fito daidai, to injin ya daidaita ke nan. Ku ɗauko tsofaffin hotunan kala na iyayenmu, da yawa idanu da haƙora ne kawai suka fito sosai.

Da aka koma kwamfuta, gadon bai tsaya ba. Akwai dabarar da ake zana fatar mutum da ita, wadda ke lissafa yadda haske ke shiga cikin fata ya watsu sannan ya fito. An wallafa ta a 2001, kuma tana cikin abin da ya sa Gollum, halittar da kwamfuta ta zana a fim ɗin The Lord of the Rings, ya fito kamar mai jini a jika a 2002. To wannan shigar hasken a farar fata ta fi tasiri. A tamu fatar, sinadarin da ke ba ta duhu yana shanye yawancin hasken tun daga sama. Abin da ke fito da kyanta shi ne sheƙin da ke dawowa daga goshi da kumatu da karan hanci. In ka ɗauki lissafin farar fata ka dusashe shi kawai, mutum zai fito kamar an shafa masa toka. Wani farfesa a jami'ar Yale, Theodore Kim, wanda ya yi aiki a Pixar, kamfanin fina-finan zanen kwamfuta, ya yi rubutu a kan haka a 2020. Ya nuna cewa gashi ma haka ne: an daɗe ana binciken yadda miƙaƙƙen gashi ke kaɗawa, an bar murɗaɗɗe irin namu a baya. Saboda haka Malam Dan_Fagge, na'urar ba ta ƙin kowa, amma waɗanda suka gina ta da fuskarsu suka gwada ta.

Maman_Hanif:
Wallahi Edita ka faɗi abin da na daɗe ina tambaya. Bidiyon bikin ƙanina, yana cikin farar shadda, shaddar ta fito har zanen aikin wuya, fuskarsa kuwa duhu kawai. Mun zata mai ɗaukar ne bai iya ba.

Editan_Zoo_Road:
Hajiya, rabi da rabi ne. In aka bar kyamara ta auna haske da kanta, farin kayan take bi, sai ta rufe ido, fuska ta tafi. Mai ɗauka ya kamata ya auna daga fuskar ango, ya sa abin da zai mayar masa da haske daga gefe. Kin ga dalilin da ya sa wayoyin Tecno suka samu karɓuwa a nan, kamfanin ya zauna ya gyara kyamararsu don duhun fata.

Iliya_Jos:
Ku kuna ta maganar haske, ni District 9 ne har yau ban huce ba. An nuna 'yan Najeriya a Johannesburg suna sayar da makamai, suna karuwanci da halittun sama, suna cin namansu don tsafi. Sunan shugaban 'yan dabar ma Obesandjo. Ai shi ya sa gwamnatin Obasanjo ta hana nuna shi.

Bazazzagiya:
Iliya, ba zamanin Obasanjo ba ne, ya sauka tun 2007. Fim ɗin 2009 ya fito, zamanin marigayi 'Yar'aduwa. Marigayiya Dora Akunyili ce ministar yaɗa labarai, ita ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. A lokacin tana tsakiyar gangamin gyara sunan Najeriya. Wanda ya fito a matsayin shugaban 'yan dabar ma ba ɗan Najeriya ba ne, ɗan Malawi ne.

Abba_Tarauni:
Amma mu yi adalci. Fim ɗin gaba ɗayansa suka ne ga mulkin wariyar launin fata. Sunansa ma daga unguwar District Six ta Cape Town aka ɗauko, inda aka tashi mutum fiye da 60,000 bayan an ce unguwar ta Turawa ce a 1966. Turawan kamfanin makaman da ke cikinsa sun fi kowa mugunta. Ba za a ce daraktan bai san ciwon wariya ba.

Dan_Fagge:
Abba, nan ne ma abin ya fi ciwo, kuma nan ne ainihin tambayata. Fim ne na dala miliyan 30, ƙaramin kuɗi a wurinsu. Sun zuba basira wajen sa idanun halittar da kwamfuta ta zana su ba ka tausayi. Kana kallon uban da ɗansa, ƙwari ne a siffa, amma zuciyarka na tare da su. Ɗan Najeriya kuwa, mutum ne na gaske tsaye gaban kyamara, ba ya buƙatar a kashe ko sisi a zana masa ido, amma ba a ba shi ko ɗigon wannan tausayin ba. Wanda ya iya mayar da ƙwaro mutum, in ya mayar da mutum dodo, da saninsa ya yi.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da na lura da shi daban ne. Ana ɗaukar mata baƙaƙe a manyan fina-finan nan, amma sai a rufe su. Zoe Saldaña shuɗiya ce a Avatar na 2009, koriya ce a Guardians of the Galaxy na 2014. Lupita Nyong'o ta ci Oscar a 2014, shekara ɗaya bayan nan aka sa ta a Star Wars a matsayin 'yar ƙaramar halitta mai ruwan lemo, muryarta kawai za ka gane. A Avatar kuma ku duba, manyan mutanen dajin duk baƙaƙe ne da ɗan ƙabilun asali na Amurka suka yi su, amma wanda ya zo ya jagorance su Bature ne tsohon soja da ya koyi al'adarsu cikin 'yan watanni. 'Yata ta taɓa tambayata wai me ya sa ba a barin su da kalarsu.

Kb_Animation:
Anti Ummu, a nan ban bi ki ba. Andy Serkis Bature ne, kuma rabin sunan da ya yi a ɓoye ya yi shi, shi ne Gollum, shi ne shugaban birai a Planet of the Apes. Aiki ne mai wuya, ana manna maka ɗigo-ɗigo a fuska, kyamara a goshinka, duk motsin leɓenka ake ɗauka. Lupita da kanta ta ce ta so matsayin ne domin bayan fim ɗin zamanin bayi da ta yi, tana son aikin da ba jikinta ake kallo ba. Kada mu cire mata zaɓinta.

Ummu_Sadiq:
Ƙanina, shi Serkis in an rufe shi, akwai Turawa goma a fim ɗin da fuskarsu a buɗe. Ita in an rufe ta, sau da yawa shi ke nan. Kuma wanda aka bari da fuskarsa a wannan Star Wars ɗin, John Boyega, da aka kai fastar fim ɗin ƙasar Sin sai aka ƙanƙantar da hotonsa. Shi da kansa ya fito a 2020 ya yi ƙorafin cewa an tallata shi a matsayin babban jarumi sannan aka tura shi gefe.

Malam_Tanko:
Jama'a ku yi haƙuri in shigo da wani gefe. Ni ba fata ce ta fi damuna ba, aron al'ada da addini ne ba tare da masu su ba. Littafin Dune na 1965 cike yake da kalmomin Larabci da na Musulunci, har da Mahadi. An je Jodan da Abu Dhabi an ɗauki fim ɗin 2021, an yi rawani, an yi dogayen riguna. Amma cikin manyan 'yan wasan da suka fito a matsayin mutanen saharar babu Balarabe, babu ɗan arewacin Afirka. Wanda ya fito a matsayin shugabansu ɗan Sifen ne. Akwai dai ɗan Najeriya, Babs Olusanmokun, shi ne wanda jarumin ya kashe a ƙarshe.

Sannan kan fim ɗin 2012 da aka faro da shi. Daraktan, Roland Emmerich, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi tunanin rushe Ka'aba a ciki kamar yadda ya rushe majami'ar Roma da gunkin Rio, abokin rubutunsa ne ya hana shi don tsoron fatawa. Alhamdu lillahi da ba a yi ba, amma ku lura, tsoro ne ya hana, ba girmamawa ba. Balaraben da ya yi magana a farkon fim ɗin kuma attajiri ne da ake sayar wa kujera a kan Yuro biliyan ɗaya.

Nura_Damagaram:
Malam Tanko, Allah ya ƙara sani. Mu a Nijar Dune ba ya buƙatar sharhi. Baƙi sun zo hamada suna haƙar abu mai tsada da ke kunna duniyarsu, masu hamadar suna neman ruwan sha. Daga 1971 kamfanin Faransa ya shafe fiye da shekara hamsin yana haƙar yuraniyom a Arlit. Da na kalle shi, Agadas nake gani. Shi ya sa ya yi mini daɗi kuma ya ba ni haushi lokaci guda, labarinmu ne amma wani aka sa ya zo ya cece mu.

Kb_Animation:
Baba Nura, ai kashi na biyu ya nuna ba ceto ba ne, amfani jarumin ya yi da imaninsu ya ja su yaƙi. Marubucin gargaɗi yake yi kan bin mai ceto.

Nura_Damagaram:
Na gani, ɗana. Duk da haka shi kyamara ke bi daga farko har ƙarshe.

Editan_Zoo_Road:
Abu ɗaya kan Dune da zai amfani masu sana'a. Maimakon koren ƙyalle, a wurare da yawa ƙyalle mai launin yashi suka kafa a bayan 'yan wasa, don hasken da ke dawowa kan fata ya zama na hamada. Koren ƙyalle yana zubo kore a kan fuska, kuma a fata mai sheƙi ya fi fitowa. Sannan ku riƙa tsayawa kuna karanta sunayen ƙarshen fim. Kamfanin DNEG da ya yi yawancin siddabarun, shugabansa ɗan Indiya ne, kuma yana da ma'aikata masu ɗimbin yawa a Mumbai da Chennai. Hannun da ke zana rushewar garuruwan nan sau da yawa ba fari ba ne. Sai dai ba shi ke yanke wanda za a haska ba.

Hajiya_Zango_Kumasi:
'Ya'yana, duk na karanta. Amma kafin mu je Amurka, a gida fa? Mu nan Kumasi finafinan Kano muke kallo. Yaushe rabon da ku ga an ba yarinya baƙa wuluk matsayin wadda ake so? In baƙa ce, 'yar aiki ce ko 'yar ƙauye. 'Yan matanmu suna kallo suna sayen man bilicin. Wannan ba Bature ne ya rubuta mana ba.

Editan_Zoo_Road:
Gaskiya ce, Mama. An sha kawo mini aiki a ce in ƙara wa jaruma haske har sai ta yi fari, in na ce launin ɗakin zai lalace a ce ba komai. Akwai wanda ya karɓe aikinsa ya kai wani wuri saboda na ƙi.

Iliya_Jos:
To Black Panther fa? Ba wanda ya ambace shi. 2018, darakta baƙi, kusan duk 'yan wasa baƙaƙe, ya tara fiye da dala biliyan 1.3. Matan da suka yi sutura da tsara gine-gine duk sun ci Oscar, kuma su ne baƙaƙe na farko a waɗannan rukunan. Ko wannan ma bai isa ba?

Dan_Yerwa:
Iliya, na ji daɗin fim ɗin, amma ka tuna inda aka nuna Najeriya a ciki? Dajin Sambisa, da dare, 'yan bindiga sun sato mata. Ƙasar da ta ci gaba ƙirƙirarriya ce, ta gaskiyar kuwa da abin da aka san ta da shi a labarai aka nuna ta. Ni ɗan Borno ne, wannan ne kawai lokacin da na ga sunan wani wuri na jiharmu a irin wannan fim.

Ina so in koma kan tambayar Malam Dan_Fagge ta farko, don ni na ga bala'i da idona. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Maiduguri, ya shiga asibiti da kasuwa da gidan yari, har dabbobin gidan zu ya kwashe. Abin da duniya ta gani hoto ne daga sama, rufin kwano da ruwa. Abin da mu muka gani, samari ne suna ɗauko tsofaffi a baya, masu kwalekwale suna kwana suna ɗiban mutane, maƙwabci yana ƙirga 'ya'yan maƙwabcinsa. Hoton sama shi ne abin da siddabaru ya iya. Na ƙasan sai wanda ya san sunayen mutanen.

Bazazzagiya:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar muku da alheri. Abin da ka faɗa shi ya faru da mutanen Aceh ta Indunusiya. Ambaliyar teku ta Disambar 2004 ta kashe kusan mutum 230,000, mafi yawansu a Indunusiya. Babban fim ɗin da duniya ta sani a kanta, The Impossible na 2012, iyalin Turawa 'yan yawon buɗe ido ya bi a Tailan. Iyalin na gaskiya 'yan Sifen ne, aka sa 'yan wasa masu Turanci. An yi amfani da ruwa na gaske a wani ƙaton tafki a Sifen, aikin ya yi kyau matuƙa. Mutanen ƙasar kuwa masu taimako ne da ke wucewa.

Abba_Tarauni:
Amin. Amma matar da abin ya faru da ita labarinta ta bayar, daraktan ɗan ƙasarsu ne, kuɗin na ƙasarsu ne. Kowa nasa yake haskawa. 'Yan Sin da suka yi The Wandering Earth a 2019 su suka ceci duniya a ciki, ba su jira Amurka ba. Ni har yanzu a nan nake: mai kuɗi shi ke zaɓar fuska.

Kb_Animation:
Yaya Abba, kuɗin ma ya fara sauka. Godzilla Minus One na Japan ya ci Oscar na siddabaru a 2024, mutum 35 ne suka yi aikin, kuɗin fim ɗin bai wuce dala miliyan 15 ba. A nan Kaduna ma akwai matasan The Critics, da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi da manhajar Blender ta kyauta suka fara, har daraktan Hollywood J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Ni a bidiyoyinsu na fara sha'awar wannan aikin.

Maman_Hanif:
Kuma ba dole sai an rushe gari ba. 93 Days na 2016, kan yadda Dakta Adadevoh ta tsare mai cutar Ebola a Legas a 2014 har ta rasa ranta, fim ɗin bala'i ne. Danny Glover ɗin da kuke ta ambata ma yana ciki.

Malam_Tanko:
Ni dai ina jan hankali kan maganar Maiduguri. Mutane ba su gama jimami ba, wasu ba su koma gidajensu ba. In za a yi, a nemi izinin masu abin, kada musibarsu ta zama abin kallo.

Dan_Fagge:
Haka ne Malam. Abba, na karɓi rabin maganarka, kuɗi na zaɓar fuska. Amma District 9 ba rashin kuɗi ba ne, masu a Independence Day ba rashin kuɗi ba ne, jarumar da ake ce wa Edita ya ƙara wa haske ma ba rashin kuɗi ba ne. Edita, a gaskiya, ruwa irin na Alau za a iya haɗa shi a nan?

Editan_Zoo_Road:
Ruwa da wuta da gashi su ne mafi wuya a kwamfuta. Daƙiƙa goma na igiyar ruwa mai kyau za su iya cinye kwanaki a injin da muke da shi, ga matsalar wutar lantarki. Amma ruwan da ya kai gwiwa a cikin ɗaki ba ya buƙatar kwamfuta: a gina ɗakin cikin wurin wanka, a cika shi, a ɗauka da dare da fitila biyu. Hoton gari daga sama kuma akwai na gaske da mutane suka ɗauka, sai a nemi izininsu. Dan_Yerwa, in akwai marubuci a wajenku da ya fara tattara labaran masu kwalekwalen nan, ka haɗa ni da shi ta akwatin saƙo.

Dan_Yerwa:
Akwai wata malamar makaranta a unguwarmu da take rubutawa. Zan fara tambayarta ko ta yarda, in sha Allah.